Majinyacin da ya Zo daga Gida: Bijirewar Ƙwayoyin Cuta ga Magani a Masu Ƙeƙashewar Hanta a Yankin Mai'adua

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda ƙwayoyin bakteriya masu bijire wa magani suke shafar jinyar masu ƙeƙashewar hanta, ta kuma auna ƙa'idojin jinya na ƙasa da ƙasa da yanayin Mai'adua a masarautar Daura. Ƙa'idojin suna zaɓar maganin farko ne bisa wurin da majinyaci ya kamu da cutar: gida ko asibiti. Maƙalar ta nuna cewa wannan rabo ya ginu a kan zaton cewa wanda ya zo daga gida bai sha magani ba, kuma zaton ba ya tsayawa a yankin da kemis ne matakin farko na jinya. Ta kafa hujja cewa abin da ya fi gaggawa shi ne ɗibar ruwan ciki da ƙirga ƙwayoyinsa da ɗaukar tarihin magani, kafin a yi batun magani mai ƙarfi.

1.0 Gabatarwa

Ƙeƙashewar hanta ita ce matakin ƙarshe na doguwar cutar hanta, inda tabo yake maye gurbin lafiyayyen nama har gaɓar ta taurare, jini ya kasa ratsa ta yadda ya kamata. A Arewacin Nijeriya ciwon hanta nau'in B ne kan gaba wajen haddasa ta. Babban binciken ƙasa na NAIIS na 2018 ya gano nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64, nau'in C kuwa kashi 1.1. Sai a 2004 aka shigar da rigakafin nau'in B cikin alluran yara na yau da kullum, saboda haka mafi yawan magidantan da ake kawowa asibiti yau da kumburin ciki da shawara an haife su kafin allurar ta iso.

Mai'adua ɗaya ce daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Ɓaure da Sandamu da Zango. Ƙidayar 2006 ta ba ta mutum sama da 200,000. Tana kan iyaka da Jamhuriyar Nijar, a cikinta ne mashigar Kwangwalam take, kuma babbar kasuwarta ta dabbobi tana tara fatake daga ƙasashen biyu kowane mako. Mutane da dabbobi da magunguna suna kai da komo ta wannan hanya, haka ma ƙwayoyin cutar da ke cikin hanjinsu.

Manufar maƙalar ita ce amsa tambaya ɗaya: idan aka kawo mai ƙeƙasasshiyar hanta daga wani ƙauye na Mai'adua, da ruwa a ciki da alamun harbuwa, shin maganin da ƙa'idojin duniya suka tanada wa irinsa ya dace da shi?

2.0 Bitar Ayyukan da Suka Gabata

Harold Conn ne ya fito da cutar da wannan maƙala ta mayar da hankali a kanta fili a 1964, lokacin da ya bayyana masu ƙeƙashewar hanta da ruwan cikinsu ya harbu da bakteriyar hanji ba tare da hanjin ya fashe ba. A wannan maƙala za a kira ta harbuwar ruwan ciki. Shekara ashirin bayan haka masana a Basalona suka aza harsashin jinyar da ake bi har yau. Felisart da abokan aikinsa sun nuna a 1985 cewa sefotaksim ya fi haɗin amfisilin da tobramaisin. Ginès da abokansa sun nuna a 1990 cewa shan norfuloksasin kullum yana rage yiwuwar dawowar cutar cikin shekara daga kashi 68 zuwa kashi 20. A 1999 kuma Sort da abokansa suka gano cewa ƙara ruwan albumin a kan magani ya rage lalacewar ƙoda daga kashi 33 zuwa 10, mace-mace a asibiti daga kashi 29 zuwa 10.

Daga baya al'amarin ya juya. Arvaniti da abokansa sun tattara bincike masu yawa a 2010, suka ga harbuwa tana ninka haɗarin mutuwar mai ƙeƙashewar hanta sau huɗu, kuma kusan kashi 30 suna rasuwa cikin wata guda. A 2012 Fernández da abokansa suka nuna cewa maganin farko da aka saba bayarwa yana warkar da kashi 83 na waɗanda suka kamu a gida, amma kashi 40 kacal na waɗanda suka kamu a asibiti. A Turai, adadin ƙwayoyi masu bijire wa magunguna da yawa a cikin irin waɗannan majinyata ya tashi daga kashi 29 a 2011 zuwa kashi 38 a tsakanin 2017 da 2018.

Aikin da ya fi kowanne faɗi shi ne na Piano da abokansa na 2019, wanda ya haɗa majinyata 1,302 daga cibiyoyi 46. Ya sami bijirewa a kashi 34, kuma a Indiya adadin ya haura kashi 70. Cibiyoyin suna Asiya da Turai da Amurka ta Arewa da ta Kudu. Babu ko ɗaya a Afirka. Wannan giɓi abin damuwa ne ƙwarai, domin binciken da mujallar The Lancet ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar bakteriya ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a 2019, kuma Afirka ta Yamma ce ta fi ko'ina, da mutum 27.3 a cikin kowane 100,000. Yankin da ya fi jin jiki shi ne aka rubuta ƙa'idojin ba tare da alƙalumansa ba.

3.0 Hanyar Nazari

Nazari ne na laburare. An ɗauki ƙa'idojin Ƙungiyar Nazarin Hanta ta Turai na 2018, da na takwararta ta Amurka na 2021, da rabe-raben magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya da ake kira AWaRe, aka fitar da sharuɗɗan da kowace shawara ta dogara a kansu. Sannan aka gwada sharuɗɗan da hanyar da majinyaci yake bi a yankin Mai'adua, tun daga gida har gadon asibiti. An bi ma'anar da Magiorakos da abokansa suka bayar a 2012: ƙwaya mai bijire wa magunguna da yawa ita ce wadda ba ta jin aƙalla magani ɗaya a cikin rukunai uku ko fiye.

4.0 Nazari

4.1 Dalilin da ya sa hanji ne tushen matsalar

Duk jinin da ya fito daga hanji sai ya bi ta hanta, kuma hanta tana tace shi kamar rariya. Idan ta ƙeƙashe, jini yana taruwa a babbar jijiyar da ke shiga cikinta, bangon hanji ya kumbura ya fara yoyo, wani jinin kuma ya kewaye hantar ta wasu jijiyoyi ba tare da an tace shi ba. Ga shi sinadaran garkuwar jiki da hanta take sarrafawa sun ragu. Sai bakteriyar hanji, musamman Escherichia coli da Klebsiella pneumoniae, su tsallaka cikin jini su sauka a ruwan ciki.

Ma'anar wannan a aikace ita ce, ƙwayar da za ta kwantar da majinyaci tana cikin hanjinsa tun kafin ya fara ciwo. Don haka duk abin da ya sauya mazauna hanji ya sauya maganin da zai yi aiki. Akwai shaida daga maƙwabta. A wata cibiyar kula da yara masu tamowa a Maraɗi, Woerther da abokansa sun ruwaito a 2011 cewa kashi 31 na yaran sun zo ɗauke da bakteriya mai sarrafa sinadarin ESBL, wanda yake lalata seftiriyazon da danginsa. Daga cikin waɗanda suka zo ba su da ita, kashi 94 sun ɗauka kafin a sallame su. Yara ne, ba manya masu ciwon hanta ba, kuma binciken ya kwana biyu. Duk da haka ya tabbatar da cewa a ƙasar Hausa ana iya zuwa da irin wannan ƙwaya daga gida.

4.2 Raunin rabon gida da asibiti

Ƙa'idojin Turai sun kasa harbuwa gida uku. Akwai wadda aka kamu da ita a gida, akwai wadda ta bayyana bayan awa 48 da kwanciya a asibiti, akwai kuma ta tsakiya, wato ta wanda ya kwanta asibiti cikin watanni uku da suka wuce ko yake zuwa wankin ƙoda. Ga rukunin farko an yarda a fara da seftiriyazon ko sefotaksim. Ga na asibiti a wurin da bijirewa ta yi yawa, an ce a fara da merofenem, wani lokaci a haɗa da wani magani. Hujjar hakan tana cikin gwajin Piano na 2016, inda merofenem da daftomaisin suka warkar da kashi 86.7, seftazidim kuwa kashi 25.

A ƙasashen da aka rubuta wannan, ba a samun allurar seftiriyazon sai da takardar likita, mafi yawa ma sai a asibiti. Wanda bai kwanta ba, to hanjinsa bai gamu da ita ba. A karkarar Daura labarin daban ne. Mai zazzaɓi da kasala da rashin cin abinci yakan fara da kemis, a haɗa masa magani. Idan bai ji sauƙi ba sai a yi gwajin Widal, wanda sananne ne wajen nuna taifod inda babu ita, a ɗora shi a kan sifurofuloksasin ko a yi masa allurar seftiriyazon kwana biyu ko uku, gwargwadon abin da aljihu ya ɗauka. Idan idanu suka yi rawaya sai a koma jiƙe-jiƙen shawara. Idan ciki ya kumbura wasu iyalai sukan zargi sammu. Kafin a kai shi Daura, balle Katsina ko Kano, ya sha rukuni biyu ko uku na magani, kowanne guntu-guntu. A takardar asibiti kuwa za a rubuta cewa ya zo daga gida.

Dokar da Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Nijeriya take aiwatarwa ba ta ba masu shagon magani izinin sayar da irin waɗannan magunguna ko yin allura ba. Amma ɗora musu laifin duka zalunci ne ga gaskiya, domin su ne suke buɗe da dare, su ne suke ba da bashi, kuma su ne mafi kusa. Abin da ya shafi wannan nazari shi ne sakamakon. Binciken Piano na 2019 ya gano cewa shan maganin kashe ƙwayoyin cuta cikin watanni uku da suka wuce yana daga cikin abubuwan da suke hasashen bijirewa, ko da an cire tasirin kwanciya asibiti. Saboda haka matsayar wannan maƙala ita ce, a yanki irin Mai'adua tambayar da ta kamata a yi wa 'yan jinya ita ce: me aka ba shi, a ina, kwana nawa, sha ne ko allura? A nemi su kawo kwalaye da kwalabe da ragowar kafso. Wanda aka yi wa allurar seftiriyazon kwanan nan, a lissafa shi cikin rukunin tsakiya, ko da bai taɓa kwana a gadon asibiti ba.

Abu biyu suna ƙara dagula lissafin. Na farko ingancin magani: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa ɗaya cikin goma na magungunan ƙasashe masu tasowa jabu ne ko marasa inganci. Idan majinyaci bai ji sauƙi ba, likita bai san ko ƙwayar ce ta bijire ko kwalbar ce ba ta da ƙarfi ba. Faɗuwar darajar naira da ficewar kamfanin GSK daga Nijeriya a 2023 sun tsadar da magunguna, suka tura jama'a ga mafi araha. Na biyu dabbobi: oksitetrasaikilin magani ne da makiyaya da dillalai suke yi wa dabba da kansu, kuma ƙwayoyin gadon bijirewa sukan zauna tare a kan zare ɗaya, ta yadda amfani da wani magani yakan raya bijirewa ga wani.

4.3 Allura da madubin likita

Idan seftiriyazon ba abin dogaro ba ne, za a iya cewa a koma merofenem. Wannan ba mafita ba ce. Kuɗinsa ya fi ƙarfin yawancin iyalai, ana yin sa sau uku a rana, kuma tuni aka ruwaito bakteriya masu lalata shi a asibitocin Nijeriya. Ba da shi ga duk mai kumburin ciki zai ƙone makami na kusan ƙarshe a kan mutane da yawa da ba su da harbuwar ma.

Ganewar harbuwar ruwan ciki ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Ana ɗibar ruwan da allura da sirinji, a ƙirga fararen ƙwayoyin jini nau'in nutrofil. Idan sun haura 250 a kowane milimita kubik, cutar ta tabbata. Madubin da ake duba zazzaɓin cizon sauro da shi ya isa, in akwai farantin ƙirga da ma'aikacin da ya ƙware. Ƙa'idojin sun ce a ɗibi ruwan duk mai ƙeƙashewar hanta da aka kwantar, ko yana da zazzaɓi ko ba shi da shi, domin cutar takan zo da ruɗewar tunani kawai, ko raguwar fitsari, ko ma babu wata alama. Tsoron zubar jini da yake hana ma'aikata yin aikin ba shi da tushe mai ƙarfi, kuma ba a buƙatar ƙarin jini kafin a yi. Jinkiri ne yake kisa: Kim da abokansa sun nuna a 2014 cewa waɗanda aka ɗibi ruwansu bayan awa 12 da kwanciya haɗarin mutuwarsu ya ninka sau 2.7.

Ga asibitin da ba shi da ɗakin rainon ƙwayoyi, ɗiba ta biyu ta fi ta farko amfani. Bayan awa 48 da fara magani a sake ƙirgawa. Idan nutrofil ba su ragu da aƙalla kashi 25 ba, maganin bai kama ba, ko dai ƙwayar ta bijire ko akwai ɓarna a hanji da take buƙatar tiyata. A nan ne merofenem ko tura majinyaci babban asibiti yake da hujja. Idan sun ragu, kwana biyar zuwa bakwai sun wadatar. Runyon ya nuna tun 1991 cewa kwana biyar na sefotaksim daidai suke da goma. Wannan ƙirga ta biyu ita ce gwajin bijirewa da ƙaramin asibiti zai iya yi da abin da yake hannunsa. Sai dai wanda ya zo jininsa ya faɗi, ko gaɓoɓinsa sun fara kasawa, ba shi da awa 48 da zai jira. Shi kam a fara masa da mafi faɗin maganin da ake da shi.

Ƙoda ce takan yanke hukunci. Jentamaisin yana da araha kuma yana rukunin farko na AWaRe, amma a mai ƙeƙashewar hanta yana lalata ƙoda, haka dikulofenak da ibufurofen da ake zubawa cikin kusan kowane haɗin ciwon jiki. Omefurazol, da ake bai wa duk mai ƙorafin ciki da sunan olsa, an danganta shi da ƙaruwar harbuwar ruwan ciki. Albumin da gwajin Sort ya yi amfani da shi, giram 1.5 ga kowane kilo a rana ta farko da giram 1 ga kowane kilo a rana ta uku, yana da tsada sosai. Amfaninsa ya fi bayyana ga wanda bilirubin ɗinsa ya kai miligiram 4 ko kiriyatinin ya kai miligiram 1 a desilita, kuma idan kuɗin iyali ba zai kai ko'ina ba, nan ya kamata a sa shi.

4.4 Maganin kandagarki da tarin fuka

Ƙa'idojin sun ce wanda ya warke daga harbuwar ya ci gaba da shan norfuloksasin ko sifurofuloksasin. Masana sun saɓa a kan ko hakan yana haifar da bijirewa: Fernández ya ga alaƙa a 2012, Piano bai gan ta ba a 2019. Gwajin Moreau da abokansa na 2018 a Faransa kuma bai nuna raguwar mace-mace cikin wata shida ba a jimillar majinyatan da aka ba norfuloksasin.

Akwai wata matsala da ba ta dami Basalona ba amma ta dami Katsina. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu tarin fuka, kuma tarin fuka na ciki yana zuwa da ruwa da rama da zazzaɓi, tamkar ƙeƙashewar hanta. Wani lokaci ma suna haɗuwa a mutum ɗaya. Dangin sifurofuloksasin suna taɓa ƙwayar tarin fuka. Sukan kwantar da alamun na ɗan lokaci, ganewa ta yi jinkiri, ƙwayar kuma ta koyi bijire wa rukunin da ake dogaro da shi wajen jinyar tarin fuka mai taurin kai, wato lebofuloksasin da moksifuloksasin. Ƙirgar nan dai ita ce take ba da haske: ruwan tarin fuka limfosait ne suka fi yawa a cikinsa, furotin ɗinsa kuma yakan yi sama. Bai dace a ɗora kowa a kan wannan rukuni na watanni ba sai an duba wannan.

Wurin da kandagarki ba shi da jayayya shi ne aman jini. Mai ƙeƙashewar hanta da jijiyoyin maƙoshinsa suka fashe yana buƙatar magani nan take, seftiriyazon giram 1 a rana, kada ya wuce kwana bakwai.

4.5 Taswirar bijirewa ta yanki

Kowace ƙa'ida tana cewa a zaɓi magani gwargwadon yanayin bijirewa na wurin. Nijeriya ta fitar da tsarin ƙasa na yaƙi da bijirewa na 2017 zuwa 2022 a ƙarƙashin hukumar NCDC, ta biyo shi da na 2024 zuwa 2028, amma sa idon ya fi karkata ga manyan asibitocin birane, inda majinyata suke isa bayan sun ratsa wurare da yawa. Alƙaluman can za su nuna bijirewa fiye da abin da yake ƙauye, kuma likitan da ya yi aiki da su zai tsallake seftiriyazon inda har yanzu yake aiki.

Ruwan ciki yana da ƙarancin ƙwayoyi, shi ya sa raino yakan fito babu komai. Runyon ya nuna a 1988 cewa zuba ruwan cikin kwalbar rainon jini a gefen gadon majinyaci yana ɗaga yawan ganowa daga ƙasa da rabi zuwa kusan tara cikin goma. Kwalbar da aka zuba wa ruwa a Daura za ta iya isa ɗakin gwaji na asibitin koyarwa a Katsina, tafiyar kilomita kusan 80, a ranar. Ƙa'idar haɗa taswirar bijirewa tana neman aƙalla samfuri 30 na kowace irin ƙwaya, adadin da zai yi wa asibiti ɗaya wuyar tarawa. Idan ƙananan hukumomi biyar na masarautar suka zuba nasu a rajista ɗaya, kuma kowace kwalba ta tafi da layi guda da yake faɗin maganin da majinyaci ya sha kafin zuwa da garin da ya fito, ko wannan gefen Kwangwalam ko wancan, to za a iya auna kai tsaye ko seftiriyazon yana ci gaba da aiki ga wanda ya zo daga gida, da kuma nawa allurar kemis take rage masa.